Kaji Huɗu a Cikin Tumunina

Ban taɓa riƙe kaza da hannuna ba sai da na haura shekara hamsin da biyar. Gidanmu na haihuwa a Ƙofar Marke gidan masu sayar da atamfa da shadda ne, tsakar gida malale da siminti, mahaifina kuwa ba ya son duk abin da zai yi kashi kusa da kaya. Na yi aure, na yi shekara talatin ina koyar da 'yan firamare, kaza ban san ta ba sai a fige a cikin tukunya. Idan ta maƙwabta ta tsallako, ni ce mai ba ta hanya.

Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne. Gidan da ya gina mana a Gidan Dare ba babba ba ne, amma ya bar ɗan fili ta gefen da ke jingine da titi, tsawonsa taku goma sha biyu, faɗinsa bai kai bakwai ba. A nan muka dasa lemun tsami ɗaya da zogale uku, muka ja kunya biyu, ɗaya ta alayyafo, ɗaya ta yakuwa. Shi ke ban ruwa idan ya dawo masallaci da asuba, ni in yi da yamma. Da Allah ya yi masa rasuwa, a gidan na yi takaba. Cikin wata huɗu da kwana goman nan, filin ne kaɗai inda nake zama ba wanda zai zo ya ce mini in yi haƙuri.

Mako biyu da fitata takaba, babban ɗana ya zo bayan la'asar tare da yayan mahaifinsa. Shi yayan maigidan nawa dillalin shanu ne, mutum mai faɗa a ji a dangi, wanda ya saba idan ya ɗaga sanda garke ya juya. Na shimfiɗa musu tabarma. Bayan gaisuwa da addu'a ga mamaci, ɗana ya sunkuyar da kai ya ce sun yi shawara a fasa katangar titi, a sare itatuwan, a fitar da shago biyu a filin. Unguwa ta cika, in ji shi, duk gidan da ke bakin titi ya fitar da shago, haya za ta riƙe ni ba sai na jira fansho ba. Na san ba mugunta ce ta kawo shi ba. Amma na lura ba tambayata suka zo yi ba, sanar da ni suka zo yi.

Na ce ban yarda ba.

Yayan maigidana ya yi murmushi ya nuna filin da bakin sandarsa. "Malama, wanga hili mi shika ba ki? Ganye na hwa. Ganye kau ga shi nan tuli ga kasuwa."

"Kaji za ni zubawa ciki, Yaya," na ce.

Allah ya sani ban taɓa tunanin kaji ba kafin wannan lokacin. Bakina ne ya riga ni. Ya yi dariya har ya riƙe gemu, ya tuna wa ɗana yadda zakara ya taɓa kora ta ina amarya har na hau turmi. Ya ce a ba ni wata uku, da kaina zan aika a kira magini. Suka tashi suka tafi. Na naɗe tabarma.

Washegari na tari agwagwa da buje, keken nan mai ƙafa uku, na ce a kai ni wajen 'yan kaji. Ban nemi shawarar kowa ba, don na san duk wanda na tambaya zai kai labari. Wani dillali mai zaƙin baki ya tare ni tun daga bakin rumfa. Ya nuna mini jajayen kajin gidan gona, manya, masu nauyi, ya ce kowace safiya sai kowacce ta ba ni ƙwai. Na ga girmansu ya yi mini, don ina son abin da idan ɗana ya gani zai san ba wasa nake ba. Na ɗauki shida. A hanya na tsaya wajen wani kafinta a Tudun Wada na ce ya yi mini keji. Ya tambaye ni wane iri, na ce mai kyau. Ya buga mini akwati na katako, raga a gaba kawai, ya rufa masa kwano sabo fil yana walƙiya. Na sa aka jingina shi da katangar titi, inda duk mai shigowa zai gani.

Lokacin bazara ne, ana cikin azumi. Wanda ya san Sakkwato ya san irin ranar da ake yi a watan nan, wadda idan ka taɓa ƙofar ƙarfe da azahar sai ka janye hannu. Kwana uku kajin suka yi ba ƙwai ko ɗaya. A na huɗu, na idar da sallar azahar na leƙa, na tarar da su sun saki fukafukai, bakuna a buɗe suna haki. Ruwan da na zuba musu a robar fenti ya yi zafi kamar na wanka. Biyu sun riga sun kwanta ba motsi. Na sa hannu na jawo su waje ɗaya bayan ɗaya, kuma sai daga baya na tuna ashe yau ce rana ta farko da na kama kaza. Na buga ƙofar maƙwabcina, ya zo da wuƙa ya samu ya yanka biyu kafin su zama mushe. Sauran biyun suka kai kwana biyu suna gyangyaɗi, su ma suka bi.

Ɗana ya zo ranar da ta ƙarshe ta mutu. Ya tsaya ya dubi kejin wayam, ya dube ni, ya juya ya tafi. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi. Da yamma sai ga aike daga yayan maigidana, cinyar rago guda, da saƙon in sha ruwa da nama in huta da wahala. Na dafa na ci, don naman ba shi da laifi. Amma kejin ban bari an fitar da shi ba.

Akwai wata Bafulatana da ta shekara fiye da goma tana kawo mini nono da man shanu. Ta girme ni, Goggo nake ce mata. Da ta sauke ƙwaryarta ta ga kejin, ta zagaya shi sau ɗaya, ta ɗora tafin hannu a kan kwanon ta janye da sauri. Ta tambaye ni ko tanda na sa aka yi mini. Na ba ta labari duka, har da turmin. Ba ta yi dariya ba. Ta ce kajin da aka sayar mini tsofaffi ne, waɗanda gidan gona ya gama cin moriyarsu ya fitar. Ko da sabbi ne, in ji ta, irinsu sai mai fanka da abincin buhu da magani. Mai koyo da 'yar gona irin tawa, kajin Hausa zai nema, waɗanda uwayensu suka sha wannan ranar suka rayu. Kuma kada in wuce huɗu.

Da mako ya zagayo ta zo da kaza tata a cikin kwando, ba don sayarwa ba, don karatu. Ni da na shekara talatin da alli a hannu, na zauna a kujerar tsuguno ana koya mini. Ta sa na riƙe kazar a ƙarƙashin hammata. Ta ce in fara duba ido, ya zama tar, ba ruwa ba kumburi. In duba hanci, ya zama busasshe. Jan naman nan na ka, zanko, ya zama ja sosai, ba fari-fari ba. Ƙafa mai santsi yarinya ce, mai kaushi da ɓawo ta kwana biyu. Sai ta kama yatsuna ta kai su ƙarƙashin wutsiya, ta sa na lalubo wasu ƙasusuwa biyu. Idan yatsa biyu ko uku suka shige tsakaninsu, tana ƙwai ko ta kusa. Idan a matse suke kuma ƙafa ta yi kaushi, wannan ta miya ce. Ta ce in nemi sagara, wato budurwar kaza da ta kusa fara ƙwai, in ƙyale manyan dakwale komai kyansu.

A kan akurki ne muka saɓa. Ita so take a gina mini na laka, gajere mai ƙaramar ƙofa, irin na rugarsu. Na ce gwiwoyina ba za su yarda in riƙa durƙusawa ina shara a rami ba. Ta ce to in yi abin da na ga dama, amma ban da kwano, ban da katangar da rana ke duka. Na kira kafintan nan na ce ya ɓalle rufinsa. Ya fara ba ni labarin yadda yake yi wa manyan mutane, na ce manyan mutanen ba su ne za su kwana a ciki ba. Na tsaya a kansa ya cire allunan gefe biyu ya sa raga, iska ta riƙa ratsawa. Aka rufa da zana biyu, leda mai kauri a tsakani saboda damina. Aka ɗora shi bisa bulo, tsayinsa ya kai ƙuguna, don gafiya da ruwa. Ya gitta reshen dogonyaro a ciki wurin kwana. Na wanke katakon da ruwan zafi da toka, na bar shi ya sha rana kwana goma, sannan aka ja shi gindin lemun tsami, ƙofarsa na kallon gabas. Tsohon tulu da ya tsage na kwantar a lungu na zuba ƙaiƙayi, ya zama wurin ƙwai. Ruwa kuma a kaskon ƙasa, wanda ke riƙe sanyi.

Bayan ƙaramar salla na koma kasuwa, ranar da mutanen ƙauye ke shigowa da kaji. Goggo ta ce za ta raka ni, na ce a'a. Dillalin nan ya hango ni, ya washe baki, ya tambayi lafiyar kaji. Na ce sun riga mu. Ya yi salati, ya ɗora laifin a kan zafi, ya ciro wata ja babba ya ce wannan kam ba ta da na biyu. Na karɓe ta. Na buɗe fiffike, na duba ƙafa, na kai yatsu inda aka koya mini. Maƙwabtan rumfarsa suka matso suna kallo.

"Wagga ai tsarata ta," na ce. "Ita ma ta yi ritaya."

Na miƙa masa abarsa. Dariyar da aka yi a rumfar ba da ni aka yi ta ba.

Can ƙarshen layi na samu wani dattijo zaune a ƙasa da kwando biyu. Bai kira ni ba, bai yabi kajinsa ba. Na tsuguna na duba goma sha ɗaya kafin na ware huɗu. Akwai wake-wake mai ɗigon fari da baƙi, da baƙa wuluk mai dogayen ƙafafu, da ja ƙarama mai faɗa, wadda ta tsattsage mini bayan hannu har jini ya fito. Ta huɗun shikirkita ce, mai gashin nan a murɗe kamar an tsamo ta daga ruwa an shanya. Wata mata da ke kusa ta ce ita ba za ta ajiye irin wannan a gida ba, masu magani ke nemanta. Dattijon ya ce irinta ta fi kowa jure zafi, don iska na shiga jikinta. Na ce a ɗaure mini ita. Zakara ban saya ba ranar, na ce sai na ga kamun ludayinsu.

Kwanansu tara a gida aka yi abin da har yau dangi ke ba da labarinsa, kowa da yadda ya ji. Da hantsi ne, ina kafa shingen kara kewaye da kunyar alayyafo, don a kwana biyu kacal jar nan ta jagoranci sauran sun mayar da ita fili. Sai ɗana ya yi sallama, bayansa wani magini da igiyar awo a hannu. Ya ce awo kawai za a yi, don a san yawan bulo, ba yau za a fara ba. Maginin ya ja igiyarsa daga katanga, ta bi ta kan kaskon ruwa, ta zo ta ƙarƙashin akurki. Kajin suka watse suna kyarkyara.

Na ajiye karan da ke hannuna. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ban kuma taɓa ɗaga masa murya a gaban baƙo ba. Ranar ma ban ɗaga ba. Na taka igiyar da ƙafata.

"Malam magini, naɗe abinka."

"Inna, don Allah," ɗana ya ce. "Don ke aka yin wanga abu. Kaji huɗu mi za su tsinana miki?"

"Da malamai sunka raba gado, mi sunka ce nawa na?"

Ya ce tumuni, kashi ɗaya cikin takwas.

"To ga tumunina nan, daga katanga zuwa bakin rijiya. Ban son ɗaki, ban son zaure. In awo kaka so, auna min shi, ka kira malamai su shaida. Abin da yar rage naku na, ku yi shago har bisa rufi."

Maginin ya riga ya fara naɗe igiyarsa, a hankali, yana kallon ƙasa. Idon ɗana ya kaɗa. Ya ce bai taɓa zaton zan yi masa maganar gado ba. Na ce ni ma ban taɓa zaton zai shigo mini da igiya ba. Ya juya ya fita. Na zauna a kan bulo. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, don ɗana ne. Da na gama na wanke fuska na ci gaba da kafa kara.

Ya yi wata guda bai tako gidan ba, sai dai ya kira a waya ya gaishe ni a taƙaice. Yayan maigidana ya kai ƙarata wajen ƙanena, cewa boko ya sa na fi ƙarfin dangi. Ƙanena ya zo, ya zauna, ya sha kunu, ya zagaya akurkin, ya tafi bai faɗi abin da aka aiko shi ba. Ban aika wa kowa ban haƙuri ba. 'Ya'yana mata biyu da ke aure a wasu garuruwa suka rabu, ɗaya tana bayana, ɗaya tana cewa na kunyata yayansu. Na ce duk su riƙe ra'ayinsu.

Ni dai aiki ya ishe ni. Na koyi jiƙa dusa da ɗan gishiri, na koyi ajiye musu ragowar tuwo da tsakin gero. Na zuba toka a tsohon daro suna birgima, ƙuma ta ragu. Na ɗauke su a kwando na kai wa malamin dabbobi ya ɗiga musu rigakafi a ido, yana mamakin wai kajin Hausa huɗu aka kawo masa a mota. Shikirkitar ce ta fara ƙwai, wata safiya ana gab da saukar ruwan farko. Ƙarami ne, da ɗan jini a ɓawonsa. Na tsaya da shi a tafin hannu yana da ɗumi. Na so in kira wani in nuna masa, sai na ga babu wanda zan kira. Na soya shi da man shanu na ci a tsaye.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Baƙar nan ba ta taɓa son tulun ba, sai ta haura katanga ta je ta zuba ƙwanta a gidan maƙwabci, har muka yi yarjejeniya da matarsa, ɗaya nata ɗaya nawa. Da na kawo zakara, wake-waken ta kwanta ta ƙyanƙyashe tara. Shirwa ta ɗauki biyu a gabana, ina riƙe da tsintsiya ina ihu kamar mahaukaciya. Muzuru ya ci ɗaya. Na sa aka ja tsohuwar ragar kamun kifi daga lemun tsami zuwa zogale, shida suka girma. Yakuwa kuwa ta yi irin tsayin da ba ta taɓa yi ba, saboda kashin da nake sharowa ina zuba mata.

Ɗana ya dawo da kansa ranar wata Juma'a bayan masallaci. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ya zauna ya ci abinci, ya yi mini maganar ciwon ƙafata da kuɗin wuta, ya tafi. Daga baya na ji ya kama shago a Tudun Wada ya zuba hatsi, sana'ar mahaifinsa. Har yau idan ya zo ba ya kallon wajen akurkin, kujerarsa yake juyawa. Yayan maigidana kuwa bai sake shigowa tsakar gidan ba, a zaure yake tsayawa mu gaisa. Ya taɓa cewa a wajen wani suna wai taurin kaina ya fi na bijimi. Da aka kawo mini maganar na ce ya fi kowa sanin bijimai, ba zan yi masa gardama ba.

Yanzu shekara ta uku ke nan. Ba na barin su wuce goma, don filin ba zai ɗauka ba. Idan sun yi yawa in ba da, ko a yanka wa baƙo.

A watan da ya wuce matar ɗana ta zo ita kaɗai. Yarinya ce mai kunya, ma'aikaciyar jinya, ba ta cika magana a gabana ba. Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta ce akwai ɗan lungu a bayan kicin ɗinsu, tana so in ba ta sagara biyu. Na tambaye ta ko mijinta ya sani. Ta ce ta gaya masa, ya ce ba ruwansa. Na tambaye ta a ina za su kwana. Ta ciro waya ta nuna mini hoton wani keji na ƙarfe, fentinsa kore, da ta gani ana tallarsa.

Na ce ba zan ba ta ko tsako ba sai na je na ga lungun da idona, da azahar, lokacin da rana ta fi dukansa. Ta ce Asabar tana hutu. Na ce ta zo ta ɗauke ni, kuma ta sa tufafin da ba ta jin tausayinsu.